Barewa da Ɓauna a Sabangali

Tun da na sauke jakata a Kano ban huta da tambaya ba. In na je barka a tare ni, in na leƙa asibitin da na yi ritaya a tsayar da ni a baranda: "Hajiya Rabi, wai da gaske ne abin da aka ce kun yi a Chadi, ke da yayarki?" Har wata ta ce ta ji an ce tseren mota muka shiga. To, ba mu yi tsere ba. Bari in faɗa daga farko, kowa ya huta, ni ma bakina ya huta.

Yaya Hauwa uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Ina 'yar makaranta ta auri wani ɗan kasuwa, Bahaushe haifaffen Injamena, wanda kakanninsa suka zauna can tun zamanin Faransa. Ita ke zuwa mana, ni ban taɓa zuwa ba. Kullum aikin unguwarzoma ya riƙe ni. Da mijinta ya rasu ina kwance da ciwon gwiwa, ban sami zuwa ta'aziyya ba. Sai na yi mata alkawari a waya cewa ko da rarrafe ne, ranar fitar takabarta ina gefenta.

Yarana suka ce in hau jirgi. Na ce a'a, hanyar da yayata ta yi ta bi tun tana amarya ita zan bi. Na ajiye motata a gida, na shiga ta haya zuwa Maiduguri. Can na kwana gidan wata tsohuwar abokiyar aikina, ta cika ni da burabusko da miyar kuka, ta kuma cika ni da gargaɗi. Da safe muka bi ayarin motoci zuwa Gamboru, sojoji gaba da baya. Hanyar ba ta da kyau, shingaye kuma ba a magana. A sauka, a nuna kati, a koma. Amma Allah Ya haɗa ni da maƙwabciyar kujera ta gari, Hajja Falmata, mai fataucin turaren wuta da humra tsakanin Maiduguri da Injamena. Ƙamshin kayanta shi ya cece mu daga warin busasshen kifin da ke bayan motar.

Ita ta fara koya mini Larabcin Chadi. "In an gaishe ki, ki ce afe. Lafiya ke nan. Duk abin da aka ce, ki ce afe, ba za ki ɓata ba."

A gadar shiga Kamaru aka nemi katin rigakafi. Na zazzage jaka, babu. Ni da na ƙare rayuwata ina yi wa mutane allura, sai ga ni a kan benci na naɗe hannun riga, wani ma'aikacin lafiya sa'an jikana yana lalubar damtsena. Na ce masa, "Ɗana, ɗan ƙara sama kaɗan." Ya dube ni, ya ƙara sama, muka rabu muna dariya.

Daga nan zuwa Kusiri muka sha jijjiga a wata tsohuwar mota da ta ɗauki mutane fiye da kujerunta. Muka iso gadar Ngeli da la'asar. Ƙetarenta Chadi ce. Wani jami'i ya karɓi takarduna, ya yi magana, na ce afe. Ya sake magana, na ce afe. Ya ɗaga murya, na ƙara da afe mai ƙarfi. Sai Hajja Falmata ta taho tana riƙe ciki. Ashe sunana yake tambaya. Har na bar garin, in ta kira ni a waya, Hajja Afe take ce mini.

Idrisa ne ya tarbe ni, ɗan farin Yaya, wanda yanzu furfura ta fara fito masa. "Halti, lale, lale," ya ce, wato inna, sannu da zuwa. Hausarsa tana nan, amma sai ya yi jimla biyu ya sa Larabci, ya rufe da Faransanci. Ya ratsa da ni cikin gari, 'yan acaɓa da suke kira klando suna ta shawagi kamar ƙudan zuma, har Sabangali, unguwar da ke kusa da kogin Shari.

Na sami Yaya ta rame, ta yi shiru irin wanda ban san ta da shi ba. Muka rungume juna muka yi kuka. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne sunan da maƙwabta ke kiran ta da shi: Am Idris, uwar Idrisa. A Kano ko sunan ɗan fari ba ka faɗa, nan kuwa shi ne sunanka, a kira ka da shi a tsakar titi. Ita dai har yau "wannan yaron" take ce masa.

Abincinsu bai yi nisa da namu ba. Tuwo suke ci, suna ce masa esh, da miyar kuɓewa da aka kaɗa da gyaɗa. Akwai kisar, wata waina mai faɗi sirirya kamar takarda, mai ɗan tsami. Shayi kuwa ba safe ba yamma, sukari kamar a tsayar da cokali. Gaisuwarsu ta fi tamu tsawo, ni da nake ganin Kanawa ba su da na biyu. Matansu duk a naɗe cikin lafaya, in sun wuce ka sai ƙamshi ya bi ka har ɗaki.

Washegarin fitar takaba, da baƙi suka ragu, Yaya ta ja hannuna zuwa wata rumfar kwano a ƙarshen tsakar gida. Ta yaye tamfol. Motoci biyu ne, tsofaffi, amma an kula da su kamar amare.

Ɗaya 'yar ƙarama ce, ja wur, ta kwanta a ƙasa kamar za ta sha ruwa. Kujera biyu gare ta, rufinta na yadi ne da ake naɗewa baya. Ƙirar Turai ce. Marigayi ya saye ta hannun wani likita Bature da zai koma ƙasarsu. Ɗayar kuwa baƙa wuluk, doguwa, da faffaɗan ƙirji da farin layi biyu a bonet. Ita ƙirar Amurka ce, ƙofa biyu amma da kujerar baya mai faɗin gado. Ƙaramar ya sa mata Barewa, babbar Ɓauna.

"Manyan motocin kaya su ne sana'arsa," in ji Yaya, "waɗannan kuwa su ne wasansa. Ɓauna ita ke kai mu idi da biki. Barewa ta yammacin Juma'a ce, shi kaɗai, ya bi bakin kogi ya dawo. Duk zaman takabar nan rumfarsu nake kallo ta taga."

Da yamma Idrisa ya zo da maganar da ke cikinsa. Ya gina wa mahaifiyarsa ɗaki a gidansa da ke Atron, can gabashin gari inda sababbin gidaje ke tashi. Ya ce ta tattara ta koma, a ba da gidan Sabangali haya. Motocin kuma ya sami wani mai tara tsofaffin motoci da ke son su duka biyun.

"Ammi, kina da hawan jini," ya ce. "Da Abba ke kai ki asibiti, shi ke kai ki kasuwa. Yanzu wa zai kai ki?"

Yaya ta dubi tsakar gidanta. A gidan nan ta haifi 'ya'yanta, a lungun nan ƙawayenta suke, waɗanda suka tsufa tare. Sai ta ce, "Ni zan kai kaina. Ga Rabi nan, ta fi shekara nawa tana tuƙi. Ta koya mini."

Na kusa ƙwarewa da shayi. Ba ta shawarce ni ba. Idrisa ya yi dariya, ya ga ba ta yi ba, ya daina. A ƙarshe ya ce to, ta gwada, don ya tabbata kwana kaɗan za ta gaji.

Aka kira Malam Ilya, wani dattijon bakanike ɗan Damagaram da ya daɗe yana duba wa marigayi motocin. Ya sa batir, ya wanke kafireto, ya zuba mai. Barewa ta tashi da wata siririyar murya mai daɗi. Da ya murza Ɓauna kuwa, kaji suka watse, kwanon rumfar ya hau rawa, na ji ƙarar a ƙirjina.

"Silinda takwas ke nan, Hajiya," ya ce yana murmushi. "Waccan huɗu gare ta. Amma kar ki raina ta. Ɓauna ƙarfi, Barewa dabara."

Na ce sai na ɗana su da kaina kafin in ɗora yayata. Da sassafe muka fita wani fili a bayan gari. Barewa ta ba ni mamaki. Sitiyarinta da ɗan tauri, amma abin da hannunka ya ce shi take yi, ba musu. In ka sha kwana sai ta manne da ƙasa. Birkinta na kamawa nan take. Sai dai duk tsakuwar da ta taka sai ka ji ta a ƙashin bayanka, in kuwa rami ne sai cikinta ya gurzi ƙasa. Giyarta ta hannu ce, kulocinta kuma yana son ƙafa mai ƙwari.

Ɓauna kuwa kamar ka zauna a falo. Giyarta da kanta take canzawa, sitiyarin da yatsa ɗaya sai ya juya. A miƙaƙƙiyar hanya, in ka taɓa totur sai ka ji an manna ka da kujera. Amma ba ta son kwana ko kaɗan. Sai ta karkata kamar jirgin ruwa, gindinta na neman wuce kanta. Birkinta sai ka yi masa sallama tun daga nesa. Shan mai kuwa, kamar raƙumin da ya dawo daga sahara.

Malam Ilya ya ce a fara da Barewa, wai wanda ya iya ta ya iya kowace. Shigar Yaya kaɗai aiki ne. Ta durƙusa, ta juya, ta faɗa ciki da "wayyo gwiwata". Ta saki kuloci, mota ta yi tsalle ta mutu. Ta sake, ta mutu. Haka muka yi ta fama har rana ta ɗaga, ƙafarta ta hagu ta hau karkarwa. Don kar ta karaya na ce mu yi musaya, in ɗan zaga da ita. Na naɗe rufin, muka bi hanyar bakin kogi. Iska ta cika mana fuska. Na sa giya ta uku, na sa ta huɗu. Kawai sai bakin lafayarta ya kwance ya tashi sama kamar tuta, ɗankwalina kuma ya yi gaba abinsa. Sai na ji wani sauti a gefena. Yaya ce ke dariya, har da hawaye, tana dukan cinyata. Tun zuwana ban ga haƙoranta ba sai ranar.

"Ashe abin da marigayi yake ji ke nan!" ta ce. "Shi ya sa yake dawowa yana waƙa."

Fitowa ce ta gagara. Ta yi yunƙuri ta koma. Malam Ilya ya tsaya nesa yana sunkuyar da kai, ba damar ya kama hannunta. Sai da wata mai tallar kifi ta ajiye tirenta, ita ta riƙe hannu ɗaya ni ɗaya, muka zaro ta kamar ana cire ƙaya.

Muka koma kan Ɓauna. Nan ba kuloci, ba giya, sai totur da birki. Cikin 'yan kwanaki Yaya ta fara zagaya filin ita kaɗai, ta miƙe zaune, ta ƙanƙame sitiyari, bakinta na motsi da addu'a. Malam Ilya na gefe yana ta cewa, "Bishesh, Hajiya, bishesh," wato a hankali. Ni ma sai na saki jiki da wuri. Wata safiya na bar ta ta shigo da motar lungunsu. Dab da ƙofar gida akuya ta gifta. Ta nemi birki, ƙafarta ta sami totur. Ɓauna ta yi gurnani ta zabura. Akwai mai shayi a bakin lungun. Allah Ya sa ya shiga ɗebo ruwa, ba kowa a bencinsa. Muka kwashe bencin da tebur da butoci, muka tsaya cikin tulin yashin wani mai gini.

Ba wanda ya ji ciwo. Mai shayin ya fito ya tsaya yana kallo, sai ya ce, "Am Idris, afe?" Aka gyara masa kayansa a ranar. Amma kafin azahar labari ya kai Atron. Idrisa ya zo fuska a ɗaure, ya gaishe mu a taƙaice, ya ɗauke makullan duka biyu ya sa a aljihu.

Yaya ta miƙe. Ta shiga ɗaki. Ranar ba ta ci abinci ba, washegari ma shayi kawai ta kurɓa. Na same ta tana ninke zannuwa tana zubawa a akwati.

"Ya fi ni gaskiya, Rabi," ta ce. "Da yaro ne a bencin nan fa? Tsufa ya zo, sai a karɓa."

Na ga shirun nan ya dawo mata, ya ma fi na da. Na hau klando, abin da ban yi ba tun ina da ƙuruciya, na ce a kai ni Atron. Na sami Idrisa a ƙofar gida. Ya nuna mini ɗakin da ya gina: fes, da fanka, da banɗaki a ciki, da taga mai kallon katanga.

"Halti, ba mugunta ba ce," ya ce. "Na binne ɗaya. Ba na son in binne na biyu saboda mota."

Na ce masa na sani, kuma rabin laifin nawa ne da na yi gaggawar shigo da ita lungu. Sannan na ce, "Ɗana, na ga tsofaffi da yawa a asibiti. Na ga waɗanda ciwo ya kayar, na kuma ga waɗanda aka ajiye a ɗaki mai kyau aka ce su huta, suka huta har suka tafi. Tsoronka gaskiya ne. Amma ka je ka dubi idonta yau, ka gwada da na shekaranjiya."

Ya rufe ɗakin. Ya mayar da ni gida a motarsa, ya shiga ɗakin mahaifiyarsa, suka daɗe. Ban san abin da suka ce ba. Da ya fito sai ya miƙa wa Malam Ilya makullan da sharuɗɗa: a sake birki gaba ɗaya, a sa ta makarantar koyon tuƙi ta gaske, ba za ta hau titi ita kaɗai ba sai ta sami lasin, wanda suke kira permi. Kuma mota ɗaya za ta riƙe. Ta zaɓa.

Nan gardama ta tashi a ƙarƙashin rumfa. Malam Ilya ya ce Barewa: ba ta shan mai, tana jin magana, tana shiga kowane lungu, kulocin ma a iya sassauta shi. Idrisa ya ce Ɓauna ce ta yi ɓarna, amma ƙarfe ce, ko an buge ta na ciki ba zai ji ba. Ni na rasa bayan wa zan bi, don zuciyata na ga Barewa, gwiwata na ga Ɓauna.

Yaya ta bari suka gama. Ta shafa bonet ɗin Barewa, ta daɗe hannunta a kai.

"Wannan ta fi kyau, ta fi hankali," ta ce. "Amma ta mutum ɗaya ce da tunaninsa. Ni kuwa na gaji da zama da tunani. A lungun nan akwai Am Zara da ba ta gani sosai, akwai Hajja Kaltuma da 'ya'yanta duk suka watse. In za su asibiti sai sun tsaya a rana suna jiran tasi. A ina zan zuba su a kujera biyu?" Ta juya wajen ɗanta. "Kai, wannan yaron, ɗauki ƙaramar. In ka ga dama ka sayar."

Ya ce zai sayar. Har na taho tana nan a gidansa, ya ma gina mata rumfa.

Zamana ya yi tsawo fiye da yadda na shirya. Kullum da safe mu tafi makaranta, Yaya a cikin samari da 'yan mata sa'o'in jikokinta, tana haddace alamun hanya. Gwajin farko ta faɗi, ta dawo ta ci tuwonta tas, ta ce gobe ma rana ce. Na biyu ta ci.

Fitarta ta farko, Babbar Kasuwa muka je, wadda suke kira Gran Marshe, ni a gaba, Am Zara da Hajja Kaltuma a baya sun sha lafaya da humra. Tafiyar hawainiya muke yi, injin na gurnani kamar yana jin haushi, 'yan klando na bin mu suna tafi. Daga kasuwa ta ce a miƙe Atron. Muka tsaya ƙofar gidan Idrisa ta danna hon. Ya fito da matarsa da yara. Ya zagaya motar, bai ga ko ƙwarzane ba. Ya sunkuya ta taga.

"Ammi, afe?"

"Afe," ta ce. "Na kawo muku kifi. Ku yi sauri ku ɗauka, zan kai Am Zara ganin likitan ido."

Ranar komowata ta rantse ita za ta kai ni gadar Ngeli. Hajja Falmata na jirana can mu koma tare. Muka iso lafiya, na sauka, muka yi sallama, kowa na ɓoye hawayensa. Sai aka zo juyawa. Wurin a cunkushe, motocin kaya ta ko'ina, masu tura amalanke, masu canji, ga Ɓauna da tsawo kamar kwalekwale. Na ce ta matsa in juya mata.

"Gobe wa zai juya mini?" ta ce. "Tafi ki tsaya can."

Na tsaya da jakata. Ta sa ribas, ta ja baya kaɗan, ta tsaya. Ta yi gaba kaɗan, ta tsaya. Nan da nan 'yan klando suka sauka daga baburansu, wani ya tare motoci, wani ya janye amalanke, wani jami'i ya bar rumfarsa ya zo yana kaɗa mata hannu. Kowa na ihu da yarensa, ita kuwa ba ta kula kowa ba, idonta a madubi. A hankali a hankali har hancin motar ya kalli gari. Wurin ya ɗauki sowa.

Ta leƙo da kai ta taga ta ƙwala mini kira, yadda take yi muna yara in za ta aike ni.

"Rabi! Ki gaya musu da babbar salla ina nan tafe. Kuma ba a motar haya ba!"

Ban sani ba ko da gaske take, ko Idrisa zai bari. Ni dai na sa an faɗaɗa ƙofar gidana.